Canza Faifan Haƙoran Babur: Abin da Yake Jawo wa Sarƙa da Agogon Gudu

Ya kai mai karatu, idan kana zaune a Filinge ko a wani ƙauye na ƙasar Kurfai, ka san amfanin babur, wanda ake kuma ce wa moto. Da shi ake kai kaya kasuwa. Da shi ake kai mara lafiya ko mace mai naƙuda gidan likita. Da shi ɗan kabu-kabu yake ciyar da iyalinsa.

Hanyoyin wannan yanki iri biyu ne. Akwai kwalta wadda ta taso daga Yamai, ta ratsa Baleyara da Bonkuku, ta iso Filinge, tsawon kilomita 180 ko kusa da haka. Akwai kuma hanyoyin ƙauyuka da ke cikin kwarin Dallol Boso da kan tudu, inda rairayi yake riƙe ƙafar babur. Saboda haka masu babur da yawa sukan je wurin makanike su ce a canza musu faifan haƙora. Wani yana neman ƙarfin ja, wani yana neman gudu.

Wannan canji ba laifi ba ne. Amma ka sani, faifan ba shi kaɗai yake aiki ba. Idan ka taɓa shi, ka taɓa sarƙa, ka taɓa birkin baya, wani lokaci ma ka taɓa agogon gudu. Wannan darasi zai nuna maka yadda abin yake, domin ka kare ranka da dukiyarka.

1. Sassa uku da ke tura babur

Ƙarfin inji yana isa ga ƙafar baya ta hanyar abubuwa uku.

Na farko, ƙaramin faifai mai haƙora, wanda yake jikin inji. Makanikai a Nijar suna kiransa pinyo.

Na biyu, babban faifai mai haƙora, wanda yake jikin ƙafar baya. Shi ne ake kira kuron.

Na uku, sarƙa, wadda ta haɗa su.

Inji yana juya ƙaramin faifai. Ƙaramin faifai yana jan sarƙa. Sarƙa tana juya babban faifai, shi kuma yana juya ƙafa. Yawan haƙoran kowane faifai galibi a rubuce yake a jikinsa. Idan rubutun ya goge, ka sa alama da alli a haƙori ɗaya, ka ƙirga har ka dawo kan alamar.

2. Lissafin haƙora

Lissafin ba shi da wuya. Ka raba haƙoran babban faifai da haƙoran ƙaramin faifai.

Misali: a ce ƙaramin yana da haƙora 14, babban yana da 42. Idan ka raba 42 da 14, za ka samu 3. Ma'anarsa, sai ƙaramin faifai ya juya sau 3 kafin ƙafar baya ta juya sau 1.

Yanzu a ce ka sa babban faifai mai haƙora 45. Idan ka raba 45 da 14, za ka samu 3,2. Lambar ta ƙaru. Babur zai ƙara ƙarfin ja da misalin kashi 7 cikin 100, amma gudunsa zai ragu da misalin haka. Inda a da kake yin kilomita 70 a awa, yanzu da wannan ƙarar inji ɗin kilomita 65 za ka yi.

A ce kuma ka bar na baya a 42, ka sa ƙaramin faifai mai haƙora 15. Idan ka raba 42 da 15, za ka samu 2,8. Lambar ta ragu. Inda kake yin kilomita 70, yanzu za ka yi 75, amma ƙarfin ja ya ragu.

Ga ƙa'idar a taƙaice:

- Lamba ta ƙaru: ƙarfin ja ya ƙaru, gudu ya ragu.
- Lamba ta ragu: gudu ya ƙaru, ƙarfin ja ya ragu.
- Haƙori 1 a ƙaramin faifai yana daidai da haƙora 3 a babban faifai, ko kusa da haka.

Ka lura da abu ɗaya. Canza faifai ba ya ƙara wa inji ƙarfi ko kaɗan. Musaya ce kawai kake yi, kamar mai ba da doki ya karɓi jaki. Jaki ya fi ɗaukar kaya, doki ya fi gudu. Ba za ka sami duka biyun a dabba ɗaya ba.

3. Wanne ya dace da kai?

Ka dubi aikin da babur ɗinka yake yi kullum.

A ce kai manomi ne a Bonkuku, inda ake noman dankalin turawa da rani. Kana ɗauko buhu daga garka, kana ratsa rairayi kafin ka hau kwalta. Ƙarin haƙora 2 ko 3 a babban faifai zai taimake ka. Babur zai tashi da kaya ba tare da ka wahalar da kuloci ba. Sai dai idan ka hau kwalta, inji zai riƙa juyawa da sauri fiye da da, zai ƙara ƙara, kuma zai ƙara shan mai a doguwar tafiya.

A ce kuma tafiyarka ta kwalta ce, kai kaɗai, ba kaya mai nauyi. Ƙarin haƙori 1 a ƙaramin faifai zai sa inji ya riƙa aiki a natse. Amma ranar da ka ɗauki mutum da kaya, ko ka fuskanci iska mai ƙarfi, ko ka shiga rairayi, za ka ji babur ya yi sanyi. Ƙaramin inji ma yakan kasa kai wa ga gudun da lissafi ya nuna, domin ba shi da ƙarfin da zai kai shi can.

Idan tafiyarka gauraye ce, ka bar babur yadda kamfani ya ƙera shi. Waɗanda suka ƙera shi sun zaɓi matsakaici ne.

Idan ka yanke shawarar canzawa, ka kiyaye waɗannan:

- Kada ka yi babban canji a lokaci ɗaya. Haƙori 1 a gaba, ko 2 zuwa 3 a baya, ya isa.
- Idan ƙarfin ja kake so, ƙara na baya ya fi rage na gaba. Faifai ƙarami ƙwarai yana lanƙwasa sarƙa da yawa, sai ta yi saurin cinyewa.
- Ka tabbata babban faifan ba ya gogar murfin sarƙa. Kada ka jefar da murfin. A ƙasa mai rairayi, shi ne garkuwar sarƙa.
- Ka sayi faifai mai lamba ɗaya da sarƙarka. Yawancin ƙananan babura suna aiki da sarƙa mai lamba 428 ko 420. Tsawon gaɓarsu ɗaya ne, amma faɗinsu ya bambanta. Lambar tana rubuce a jikin gaɓoɓin sarƙa.

4. Abin da ke faruwa ga sarƙa

Sarƙa zobe ce mai tsawo ɗaya. Idan faifai ya ƙara girma, zai cinye wani sashe na tsawonta, sai ta ɗaure. Idan faifai ya ragu, sai ta saki. Domin gyara wannan ne aka yi ƙafar baya ta yadda za ta iya matsawa gaba ko baya.

A sarƙa mai lamba 428 ko 420, tsawon kowace gaɓa milimita 12,7 ne. Kowane haƙori da ka ƙara yana cin rabin gaɓa. Ga abin da wannan yake nufi:

- Ƙarin haƙori 1: ƙafar baya za ta matso gaba da misalin milimita 3.
- Ƙarin haƙora 3: za ta matso gaba da kusan santimita 1.
- Ƙarin haƙora 4: sarƙa tana bukatar ƙarin gaɓa 2, idan ana so ƙafar ta zauna inda take.

Ana ƙara gaɓoɓi ko rage su bibbiyu ne, domin gaɓar ciki da gaɓar waje tare suke tafiya. Don haka, kafin a sa sabon faifai, ka dubi inda sandar ƙafar baya take zaune. Idan ta riga ta kai ƙarshen gaba, babu wurin matsawa, sai an sa sarƙa mai ƙarin tsawo. Kada ka yarda a tilasta gajeriyar sarƙa a kan babban faifai.

Sarƙar da ta ɗaure da yawa tana cin boris na inji da na ƙafa, tana cin haƙora, kuma tana iya tsinkewa. Dalili shi ne, duk lokacin da aka ɗora nauyi ko aka faɗa rami, bayan babur yana sauka, sarƙa kuma tana ƙara ɗaurewa. Idan ba a bar mata sarari ba, sai ta ja abin da ke riƙe da ita.

Sarƙar da ta saki da yawa tana iya zamewa daga kan faifai. Idan ta zame ta maƙale, ƙafar baya takan tsaya cak ana cikin gudu. Wannan yana kayar da mutum, da shi da wanda ya ɗauko.

5. Yadda ake daidaita sarƙa

Ka bi waɗannan matakai. Idan makanike ne zai yi, ka tsaya ka gani da idonka.

1. Ka kashe inji, ka cire makulli, ka fitar da giya. Ka ɗora babur a kan matokarinsa na tsakiya.
2. Ka juya ƙafar baya da hannu sannu a hankali. Sarƙa ba ta cinyewa daidai ko'ina. Ka nemi wurin da ta fi ɗaurewa, a nan za ka yi awo.
3. A tsakiyar sarƙa ta ƙasa, tsakanin faifan biyu, ka tura ta sama, ka ja ta ƙasa. A yawancin ƙananan babura, motsin ya kamata ya zama santimita 2 zuwa 3, wato kamar faɗin yatsu biyu. Idan littafin babur ɗinka ko takardar da ke manne a jikinsa ta faɗi wani awo, shi za ka bi.
4. Ka sassauta babban notin sandar ƙafar baya.
5. Ka juya ƙananan notocin daidaitawa na dama da na hagu, kowanne daidai da ɗan'uwansa. Akwai zane-zane a ƙarfen da ke riƙe da ƙafa. Dama da hagu su tsaya a kan zane ɗaya. In ba haka ba, ƙafa za ta karkace, sarƙa ta riƙa cin gefen haƙora.
6. Ka ɗaure babban noti sosai. Idan yana da ƙusar tsaro, ka mayar da ita. Sa'an nan ka sake awo, domin ɗaure noti yakan canza shi.
7. Ka sauke babur, wani ya hau ya zauna. Ka taɓa sarƙa. Dole ne ta kasance da sauran motsi, kada ta zama kamar tsirkiyar baka.
8. Ka gyara birkin baya. Wannan mataki ne da mutane da yawa suke mantawa. A baburan da birkinsu na baya yake aiki da sandar ƙarfe, idan ƙafa ta matsa, birki ma ya canza. Ko dai ya riƙa kamawa da kansa, ko ya ƙi kamawa sai an taka har ƙasa. Ka daidaita shi, ka kuma duba fitilar birki tana kamawa.

Ka dubi gaɓar haɗi, wato inda bakin sarƙa biyu suka haɗu. Tana da ɗan maƙalli mai baki ɗaya a buɗe, ɗaya a rufe. Rufaffen bakin shi ne zai fuskanci inda sarƙa take tafiya. Idan aka juya shi, wani abu yana iya fizge shi a hanya, sarƙa ta rabu.

Sabuwar sarƙa takan ɗan saki a kwanakin farko. Ka sake duba ta bayan tafiyar kwana biyu ko uku.

Gargaɗi: kada ka taɓa goge sarƙa ko sa mata mai alhali inji yana aiki. Tsumma yakan shiga tsakanin sarƙa da haƙora, ya ja yatsu tare da shi.

6. Sabon faifai da tsohuwar sarƙa

Mutum yakan so ya rage kashe kuɗi, sai ya sayi faifai kaɗai, ya bar tsohuwar sarƙa. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Tsohuwar sarƙa ta riga ta miƙe, gaɓoɓinta ba sa zama daidai a cikin sababbin haƙora. Cikin ɗan lokaci za ta cinye su. Haka kuma tsohon faifai yake cinye sabuwar sarƙa. Abin da ya fi shi ne a canza ukun tare.

Ga yadda za ka gane sun ƙare:

- Ka kama sarƙa a bayan babban faifai, ka ja ta baya. Idan ka ga fiye da rabin haƙori a fili, ta ƙare.
- Ka miƙe sarƙa, ka auna gaɓa 20. A sabuwa, tsawonsu santimita 25,4 ne. Idan ya kai kusan santimita 26, ta ƙare.
- Ka dubi haƙora. Idan sun yi tsini, ko sun lanƙwashe kamar ƙugiya, faifan ya ƙare.

Kada ka yarda a cire gaɓa 2 daga sarƙar da ta miƙe domin ta sake ɗaurewa. Wannan ɓoye ciwo ne, ba magani ba.

Ka riƙa wanke sarƙa da kananzir, ka bar ta ta bushe, ka sa mata mai, sa'an nan ka goge wanda ya yi yawa. Mai da rairayi idan suka haɗu sukan zama kamar dutsen wasa wuƙa. A yi wannan duk bayan kilomita 500 ko kusa da haka. A lokacin ƙura da lokacin damina, a yi shi kafin nan.

7. Agogon gudu: yaushe yake yin ƙarya?

Agogon gudu ba ya ganin hanya. Juyawar wani abu yake ƙirgawa. Tambayar ita ce: juyawar mi yake ƙirgawa?

Iri na farko yana ƙirga juyawar ƙafar gaba. Za ka ga waya ta fito daga cibiyar ƙafar gaba ta hau zuwa agogo. Yawancin ƙananan baburan da ke yawo a ƙauyuka irin wannan ne. Canza faifai ba ya taɓa wannan agogo. Abin da ke taɓa shi shi ne girman tayar gaba. Idan ka sa taya mai lamba 3.00-17 a madadin 2.75-17, agogo zai nuna ƙasa da gaskiya da misalin kashi 2 cikin 100.

Iri na biyu yana ƙirga juyawa ne daga cikin inji, wajen giya ko wajen ƙaramin faifai. Ana samunsa a wasu manyan babura da wasu sababbi. Wannan agogo an tsara shi ne bisa haƙoran da kamfani ya sa. Idan ka canza su, shi bai sani ba, sai ya ci gaba da tsohon lissafi.

Mu koma ga misalinmu na 14 da 42, a babur mai agogo iri na biyu:

- Idan ka sa 45 a baya: agogo zai nuna 70, alhali 65 kake yi. Tafiyar kilomita 180 daga Yamai zuwa Filinge za ta fito kamar 193.
- Idan ka sa 15 a gaba: agogo zai nuna 70, alhali 75 kake yi. Kilomita 180 za su fito kamar 168.

Na biyun ya fi hatsari, domin kana gudu fiye da yadda kake zato. Bambancin kilomita 5 kamar kaɗan ne, amma nisan da birki yake bukata kafin ya tsayar da kai yana ƙaruwa da misalin kashi 15 cikin 100. A hanyar da shanu da awaki da yara suke tsallakawa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ranar Lahadi, ranar kasuwar Baleyara, ka san yadda hanya take cika da dabbobi da amalanke.

Kuskuren kilomita ma yana da tasa illa. Da shi kake sanin lokacin canza man inji. Da shi kake lissafin man da ka sha. Idan kai ɗan kabu-kabu ne, ko ma'aikacin da ake biya kuɗin mai bisa kilomita, lissafinka zai karkace.

Ko da agogonka iri na farko ne, akwai wani agogo da zai ruɗe ka, wato kunnenka. Ka saba sanin gudunka da ƙarar inji. Bayan canji, ƙarar ɗaya ce amma gudun ya bambanta. Ka riƙa duba agogo har kunnenka ya saba.

8. Yadda za ka gwada agogonka

Gani ya kori ji. Ka nemi miƙaƙƙiyar kwalta mara cunkoso, inda akwai duwatsun da ke nuna kilomita. Ka ɗauki abokinka a baya, ya riƙe agogon hannu. Ku sa hular kwano ku biyu.

Ka riƙe allura a kan 40, kada ta hau, kada ta sauka. Daga dutse ɗaya zuwa na gaba, ya kamata ku yi daƙiƙa 90, wato minti ɗaya da rabi. Idan kun isa kafin 90, kana gudu fiye da abin da agogo ya nuna. Idan kun wuce 90, agogo yana ƙara maka.

Idan abokinka yana da wayar salula mai GPS, ita ma tana nuna gudu. Shi zai riƙe ta, ba kai mai tuƙi ba.

Agogo da yawa tun daga kamfani sukan ɗan nuna fiye da gaskiya. Wannan ba abin damuwa ba ne. Wanda yake nuna ƙasa da gaskiya shi ne abin tsoro. Idan naka haka yake, ka rubuta bambancin, ka riƙe shi a ranka duk lokacin da kake tuƙi.

9. Babur da ya daɗe a ajiye

A farkon shekarar 2020, hukumomi sun hana yawo da babur a sassa da dama na jihar Tilaberi saboda rashin tsaro. An ɗage hanin a watan Satumba na 2021, daga baya kuma aka maido da shi a wasu wurare. Kafin ka yi tafiya, ka tambayi hukumar garinku ko maigari abin da doka ta ce game da hanyar da za ka bi.

Babur da ya yi watanni a ɗaki, sarƙarsa takan yi tsatsa, wasu gaɓoɓi su ƙage. Irin wannan sarƙa ba ta ba da awo na gaskiya. Ka wanke ta, ka sa mai, ka lanƙwasa kowace gaɓa da hannu. Idan akwai wadda ta ƙi motsi, a canza sarƙar kafin a yi maganar sabon faifai.

Abin da za ka riƙe

- Ka ƙirga haƙora kafin canji da bayan canji, ka rubuta su.
- Ka canza faifai biyu da sarƙa tare.
- Ka bar wa sarƙa motsin santimita 2 zuwa 3, ko abin da littafin babur ya faɗa.
- Ka daidaita dama da hagu, ka gyara birkin baya.
- Ka san inda agogonka yake ƙirgawa, ka gwada shi.

Rigakafi ya fi magani. Minti goma na dubawa a ƙofar gida ya fi kwana a daji da tsinkakkiyar sarƙa, musamman ranar da ka ɗauko mara lafiya.

Tambayoyi domin tattaunawa a aji

1. Wani babur yana da haƙora 15 a gaba, 45 a baya. Sau nawa ƙaramin faifai zai juya kafin ƙafa ta juya sau 1?
2. Idan aka ƙara haƙora 4 a babban faifai, gaɓa nawa za a ƙara wa sarƙa?
3. Mi ya sa ake gyara birkin baya bayan an daidaita sarƙa?
4. Ka dubi wani babur a garinku. Daga ina agogonsa yake ƙirga gudu?